Hammadu Mai Awon Lungu

Har yau in dattawan unguwarmu suka zauna a bakin titin nan suna shan iska, ba ka rasa mai cewa, "Allah ya jiƙan Hammadu Magini, shi ya hana a rushe mana gidaje." In na ji sai in ce amin, in tsuke bakina in wuce. Amin ɗin har zuciyata take, don yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Sauran maganar kuwa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni ce Habiba ƙanwarsa. Ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka san yadda aka yi titin nan ya bi ta inda ya bi, kuma na gaji da riƙe abin a cikina.

Mu asalinmu Fulanin shanu ne. Annobar da ta kwantar da garkunan jama'a muna yara ita ta koro babanmu cikin birni, daga shi sai sandarsa, Inna kuma da ƙoren nononta da babu abin zubawa a ciki. Ya sami ɗan fili a gefen Madabo, a saman wani lungu mai gangara, ya kafa bukka. Yaya ne ya mai da bukkar nan gida. Da ya ga babu saniyar da zai bi, sai ya bi wani tsohon magini yana miƙa masa tubali, har ya zama shi ake miƙa wa.

Shanu sun tafi, amma fulako bai tafi ba. Kunyar nan tamu ta Fulani, wadda take hana mutum ya faɗi abin da yake so ko abin da yake masa ciwo, Yaya ya kwashi rabonsa ya haɗa da na wasu. Mutum ne da ƙishirwa za ta kashe shi a zauren wani bai ce a ba shi ruwa ba. Akwai ranar da azara ta faɗo ta fasa masa yatsa tun da hantsi, ya naɗe hannun a cikin riga ya ci gaba da yaɓe da ɗayan har la'asar. Da na ga yatsan na ce, "Yaya, kai wane irin mutum ne? Bakinka ma ciwo yake?" Ya ce ai masu gidan sun yi baƙi, bai kamata a tayar musu da hankali ba. Mutane suna yaba masa wannan hali. Ni kam haushi yake ba ni tun ina yarinya.

Ba ginin ne ya fitar da sunansa ba, awon lungu ne. Ku 'yan yanzu kun taso kun ga titi a miƙe, kuna tsammani lungunan cikin birni haka kawai suka karkace don mutanen da ba su da ido. To, kowane lungu da dalilinsa. In mutum zai ja katanga ta bakin hanya, ko maƙwabta suka yi rigima kan wani ya ci musu lungu, Yaya ake kira, shi kuma ma'auninsa biyu ne.

Na farko makara. Zai aika masallaci a ɗauko makarar unguwa babu kowa a ciki, ya sa maza huɗu su ɗora a kafaɗa su bi lungun daga farko har ƙarshe. In ta wuce kowace kwana ba ta gogi bango ba, ba a kuma karkata ta ba, lungu ya yi. In ta karkata ko da kaɗan, katanga ta koma baya, ko ta waye. Yakan ce mai rai yana iya raɓawa ya wuce, amma mamaci ba ya raɓawa, kuma kowa a lungun nan wata rana a kwance zai fita.

Na biyu ruwa. Ran da aka yi ruwan farko mai ƙarfi, kowa yana gudu ya fake, shi sai ya tuɓe takalmi ya ɗora malafa ya fita. Zai bi ruwan da ƙafa daga bakin indararo har inda ya kwanta, yana duban inda ya yi sauri da inda ya tsaya yana juyi. Ruwan lungunanmu shida duk wuri ɗaya yake zuwa, wani kududdufi a ƙasan gangararmu, ramin da aka haƙi ƙasar gina unguwar tun kaka da kakanni. Yaya ya san yawan ruwan da ramin nan yake sha kamar yadda na san yawan garin da tukunyata take ci.

Gidan ƙarshe kafin kududdufin na amininsa ne, Malam Abdussalam. Kakansa Balarabe ne daga Tarabulus, shi kuwa a nan aka yanke masa cibi, yana da rumfar turare da zaren alharini a kasuwar Kurmi. Matarsa Mabruka ƙawata ce. Da mijina ya rasu na dawo gida da zama, ita ta ɗebe mini kewa. Alkaki take yi na sayarwa, irin wanda ta gada wajen kakarta, kuma madafarta tana jikin katangar da take kallon kududdufin. A nan muke wuni, ni ina kaɗi ita tana murza. Ga ta da dariya, ga tsokana. Ba ta kirana sai "Bafulatanar da ko akuya ba ta da ita."

Shi kansa Malam Abdussalam bai tsira daga makarar nan ba. Wata shekara ya so ya faɗaɗa zaurensa, ya ci lungu da kamu ɗaya tak, gini har ya kai ƙirji. Yaya ya sa aka ɗauko makara, ta gogi bangon, ya ce a rushe.

"Haba Hammadu, har ni?" in ji Malam Abdussalam.

Yaya ya ce, "Kai ma ta nan za ka fita."

Kwana bakwai ba su gaisa ba. Ran na takwas Mabruka ta aiko da alkaki a faifai, aka shirya. Shekara talatin ana wannan awo, kuma a cikin shekarun nan ba a taɓa karkata gawa a lungunanmu ba.

Sai maganar Inna. Ta rasu shekarar babbar yunwa, lokacin da gawa ta yi yawa har masu haƙa suka gaji, ana haɗa mutum biyu ko uku a rami ɗaya a wajen ganuwa. Kafin ta cika ta kama hannun Yaya ta ce kada a kai ta cikin taron nan. Ya binne ta a cikin gida, a kusurwar yamma, jikin katangar da ta raba mu da wani kango da masu shi suka daɗe da watsewa. A lokacin ba baƙon abu ba ne. Liman da mutum biyu ne suka taya shi, Malam Abdussalam kuwa ya tafi fatauci, babanmu kuma ya riga ta rasuwa, kuma duk waɗanda suka taya ɗin sun bi ta ba da daɗewa ba. Ya rage daga ni sai shi muka sani. Ya dasa lalle a wajen kanta. Kullum da safe kafin ya ɗauki kayan aiki sai ya tsuguna a nan ya yi mata addu'a, sannan ya fita. Ko da ni, bai taɓa kiran wurin da sunansa ba, "wajen lallen" kawai yake cewa.

Shekara ashirin da 'yan kai bayan shigowar Turawa, da rani, aka ce za a fasa hanyar mota daga wajen Ƙofar Ruwa ta ratsa unguwanni ta nufi kasuwa. Mu dai ba mu roƙi mota ba, ko jaki ba kowa ke da shi ba a lungunmu. Wata safiya sai ga Baturen awo da wani abu mai ƙafa uku da yake leƙawa, da malaminsa mai yi masa tafinta, Malam Hambali mutumin Sheshe, da leburori suna jan sarƙa suna kafa turaku masu jan kai. Su ba ruwansu da makara, ba ruwansu da indararo. Layi ne aka ja a takarda, abin da ya faɗo a kai ya tafi. Kafin azahar turke ɗaya ya tsaya a gindin katangarmu ta yamma daga waje. Na fita na duba, na dawo na auna da ido daga ciki. Daidai kan lallen yake. Bayan namu kuma layin zai ci zaurukan gidaje huɗu.

Da Yaya ya dawo daga aiki na kai shi na nuna masa. Ya daɗe a tsaye yana kallon turken.

Na ce, "Yaya, ka je ka gaya musu akwai kabari a nan."

Ya ce, "In tsaya gaban Bature da jama'ar unguwa in ce a duba mini uwata? Gidaje huɗu za su tafi, ni kaɗai ne mai uwa?"

"To ka sami mai unguwa a gefe ka gaya masa."

Ya ce ai ana ta raɗe-raɗin an hana binne mutane a cikin gida, in aka sani tone ta za a yi a fitar da ita. Ni ma na ji zancen a bakin rijiya. Gaskiya ne ko ƙarya, babu wanda ya tambaya a cikinmu, haka muka haɗiye shi ɗanye. Tuwon ranar babu wanda ya taɓa.

Mai unguwarmu a lokacin Gwadabe ne, kuma zauren ƙaninsa yana cikin huɗun nan, don haka bai zauna ba. Ya yi ta kai-komo har Baturen ya yarda zai saurari dattawa. Ran na uku aka taru a bakin kududdufi. Ni ina ƙofar gidan Mabruka da sauran tsofaffin mata, komai a kunnena aka yi. Gwadabe ya jawo hannun Yaya gaba ya ce, "Wannan shi ya san ƙasar unguwar nan da ruwanta. Abin da ya faɗa shi ne."

Tsakiyar rani ne, kududdufin ya janye, gefensa duk ya tsattsage, sai ɗan koren ruwa a tsakiya da agwagi biyu a ciki. Baturen ya toshe hanci yana magana, Malam Hambali yana mayarwa da Hausa. Ya ce dama ramin nan gidan sauro ne. In aka cike shi aka karkato da hanyar ta kansa, babu gidan da za a taɓa. Abu ɗaya yake so ya sani: ruwan da yake taruwa a nan da damina yana da yawa? In aka sa kwalbati ɗaya a ƙarƙashin hanyar, mai faɗi kamar haka, zai isa ya fitar da shi? Ya buɗe hannuwansa ya nuna. Faɗin kwalbatin da ya nuna ko ɗan jaki ba zai shiga ba.

Yaya ya sunkuyar da kai. Ina kallon yatsun ƙafarsa suna tona ƙasa. Sau ɗaya ya ɗaga kai ya dubi saman gangara, wajen gidanmu, sannan ya ce, "Zai isa."

Malam Hambali ya matso ya rage murya. "Baba, ka tabbata? Da bakinka fa za a yi aikin nan."

Yaya ya ce, "Ruwan ba shi da yawa. Zai isa."

Wallahi na san ba haka ba ne. Sau nawa na ji shi da bakinsa yana cewa ramin nan da marka yakan cika har ya taɓa gindin dabinon Malam Abdussalam, zurfin mutum biyu a tsaye? A shekara talatin ban taɓa jin ya yi ƙarya kan lungu ba sai ranar. Wurin kuwa ya kaure da murna. Leburori suka bi suna tuge turaku, Gwadabe yana ta sa masa albarka, Mabruka ta rangaɗa guɗa a kunnena ta ce, "Ashe Fulani ma suna da rana."

A gida na tare shi a tsakar gida. "Yaya, me ka yi?"

Bai dube ni ba. Ya ce, "Wataƙila ruwan bana ya zo da sauƙi. Kafin damina kuma zan roƙa a ƙara kwalbati."

Bai roƙa ba. Kowane mako sai na tambaye shi, kowane mako sai ya sa riga ya gangara wajen aikin, ya gaida Malam Hambali, ya tambayi gajiya, ya juyo. Don in ya ce a ƙara, sai ya faɗi dalili, in kuma ya faɗi dalili, ya ce ke nan ya yi ƙarya a gaban unguwa don abin kansa. Na yi faɗa, na yi kuka, har gori na yi masa na ce makararsa ashe ta masu ƙaramin ƙarfi ce. Ya saurare ni har na gama, ya ɗauki buta ya tafi masallaci. Amma kada in wanke kaina. Duk watannin nan kullum ina madafar Mabruka, bayana a jingine da katangar nan, ina kaɗi muna dariya, ban ce mata uffan ba. Ina ganin in na buɗe baki na tona asirin yayana da na uwata gaba ɗaya.

Wata uku ana aikin. Leburori suna ta jido da kwanon sarki a ka, aka zuba juji, aka zuba ɓaraguzan kangon bayan gidanmu, aka bi da marmara aka daddaɓe. Kududdufi ya ɓace kamar ba a taɓa yin sa ba. Hanya ta tashi ta fi bakin lungunmu tudu har iya ƙugu, ga lambatu a gefenta, sai katako ɗaya aka gitta don masu tsallakawa. Ran da motar farko ta wuce unguwa ta fito kallo. Yaya yana dawowa Mabruka ta leƙo daga zaure ta ce, "Malam, ina makarar taka? Ko hanyar Bature ba a auna ta?" Ya yi ɗan murmushi ya wuce da sauri.

Ruwan farko ya zo ya tafi lafiya. Ya taru a ƙasan lungu iya idon sawu, kafin washegari ya janye. Na biyu ma haka. Har na fara cewa a raina ko Allah ya rufa mana asiri. Sai marka ta shigo. Kwana uku ana zuba, ba tsawa ba iska, ruwa ne kawai ba ƙaƙƙautawa. Ruwan lunguna shida ya gangaro neman raminsa ya tarar da titi a kai. Ya tsaya. Ya kai gwiwa, ya kai cinya, ya jingina da katangar Malam Abdussalam. Ginin ƙasa kuwa ta gindi yake shan ruwa, sama tana nan kyau-kyau ƙasa ta zama kunu. Yaya tun asubar ranar farko yana bakin kwalbatin da fartanya, ruwa iya ƙirjinsa, yana yashe shara shi kaɗai. Mutane suna cewa ku ga dattijon kirki.

Ran na uku da hantsi na kasa zama. Na ɗaure zani na kutsa ruwan na gangara. Na tarar da Mabruka a madafa ta ɗora murhu a kan tubala, tana suyar alkakin wani biki. Gindin katangar ya yi baƙi, ruwa yana tsattsafowa yana bin ƙasa.

Na ce, "Ƙawa, ki kwaso kayan nan mu hau gidanmu ki ƙarasa a can."

Ta yi dariya. "Da wannan man mai zafi zan shiga ruwa? Ke dai tsoro gare ki. Katangar nan Hammadu ne ya gina ta, kuma shi ya ce ruwan ba shi da yawa. Kafin yamma ya janye."

Nan ne wurin da ya kamata in faɗa mata. Ba sai na ambaci Inna ba ma, kalma huɗu sun isa: ƙarya ya yi, taso. Na buɗe baki, kunya ta hana ni, na ce, "To." Ta tsamo alkaki biyu daga kasko ta naɗe mini a ganye, na juyo gida.

Ana kiran la'asar muka ji ƙarar. Ba ta da ƙarfi ma, kamar an sauke buhun hatsi daga bayan jaki. Katangar madafar ce ta faɗo wa Mabruka, Yaya ne ya fara isa, don yana kusa. Da hannu ya yi ta tonon laka har farcensa suka fita. Da aka kai gare ta rai ya riga ya yi halinsa.

Washegari gari ya waye tas, ruwan ya fara janyewa. Aka yi mata sutura aka ɗauko makarar nan dai, wadda ya yi shekara talatin yana awo da ita. Mata ba sa bin gawa, sai na hau soronmu, daga nan ana hango bakin lungu. Yaya ya kama gaba. Suka gangara lafiya, ba ta gogi bango ko ɗaya ba, har zauren da ya taɓa sa aka rushe. Da suka kai bakin titi sai suka tsaya. Ga lambatu cike da ruwa, ga katako ɗaya mai santsi, ga tudu iya ƙugu. Babu yadda mutum huɗu za su hau a jere. Na gaba suka hau, na baya suna ƙasa, makarar ta karkace, na ga likkafanin ya zame har wani ya kai hannu ya tare. Na zauna a kan soron na rufe fuska da zani.

Ran sadakar uku na kai waina gidan. Ina ratsa zaure da tire a ka zan shiga wajen mata, maza suna zaune, sai ga Malam Hambali ya zo ta'aziyya. Na ɗan tsaya daga bayan ƙofa don in ba shi hanya. Bayan an yi addu'a wani ya fara zancen titi, Malam Abdussalam ya katse shi. Ya ce, "Kada a ɗora wa kowa. Ruwan bana ne ya wuce misali, kuma kwananta ne ya ƙare. Ba don Hammadu ba da gidaje biyar ne a ƙasa."

Malam Hambali ya ce haka ne, aikin hanya a cikin birni sai haƙuri. Ya ce ko a Sheshe sau biyu suna tanƙwara layi saboda kabari.

Gwadabe ya ce, "Kabari kuma? Ba tonewa ake ba?"

Malam Hambali ya ce, "Wa ya isa? Ai umarni ne aka ba mu tun farko, duk inda aka ce akwai kabari ba a taɓawa, kaucewa ake. Wata tsohuwa ma da muciya ta fito ta tsaya a kan turke ta ce mijinta yana nan. Ko tambaya Baturen bai ƙara ba, muka matsa kamu goma. Nan ma da an sami irin haka, ai ta kangon bayan gidan Baba Hammadu za mu kauce, ramin ruwan yana nan yadda yake."

Na leƙa ta jikin ƙofa. Yaya yana riƙe da goron da aka raba, ya kai shi baki ke nan. Ya sauke hannun a hankali ya ajiye goron a kan tabarma. Ya zauna har aka shafa, ya yi sallama kamar kowa, ya fita. Na dire tiren na bi bayansa.

A tsakar gida na same shi, a tsaye nesa da lallen. Lallen ya sha ruwa ya yi kore shar, wurin a bushe, ko ɗigo bai kwanta ba, don gidanmu a tudu yake.

Ya ce, "Habiba, kin ji?"

Na ce, "Na ji."

Iyakar abin da muka taɓa faɗa wa juna ke nan a kan zancen.

Ya yi shekara huɗu bayan haka. Bai ƙara awon lungu ba. In aka zo kiransa sai ya ce idonsa ya yi rauni, alhali yana zura zare a allura. Ya sake gina katangar Malam Abdussalam da hannunsa, ya yi mata gindi da dutse. Bakin da ya kasa buɗewa da rani kuma sai ga shi ya buɗe, kowane mako yana ƙofar masu aikin hanya yana roƙo, har suka gaji da ganinsa suka ƙara kwalbati biyu manya. Su ne waɗannan da kuke tsallakawa. Amma wajen lallen bai sake tsugunawa ba. Daga bakin ƙofar ɗakinsa yake ɗaga hannu ya yi addu'ar, ya shafa, ya kau da kai.

Abin da ya fi cin sa Malam Abdussalam ne. Tun da ya rasa matarsa ya ƙara manne masa, kowace Juma'a sai ya hawo da ɗan turare a hannu su zauna a zaure, yana kiransa ɗan'uwa. Ina daga ciki ina jin su. Sau da yawa Yaya zai gyara murya ya ce, "Malam…" in kasa kunne, sai in ji ya ƙarasa da, "Ya kasuwa?"

Ranar da zai cika, da rana tsaka, ya sa aka kira ni. Ya ce abu biyu. Kada a sa shi a cikin gida, a fitar da shi wajen ganuwa cikin jama'a. Sannan ya riƙe hannuna ya ce, "Ki gaya wa Malam Abdussalam. Ni na kasa." Na ce to. Aka ɗauke shi, Malam Abdussalam a gaba yana hawaye, na sake hawa soro. A bakin titi shi ma aka karkata shi.

Malam Abdussalam ya ƙara shekara biyu a duniya. Sau uku ina yafa mayafi in gangara har ƙofar zaurensa. Ya tare ni da fara'a, ya tambayi lafiyata, ya ce ba zai taɓa samun aboki kamar Hammadu ba. In gaishe shi in juyo. Ya tafi bai sani ba. Ni da na yi rayuwata ina yi wa Yaya gorin kunya, ashe ciwon ɗaya ne da mu, nawa dai ya fi surutu.

Kabarin Inna yana nan, ni nake share shi. Lallen ya girma har 'yan matan unguwa suna zuwa a tsinko musu, ina ba su, ba su san abin da yake gindinsa ba. In an kawo mini alkakin biki kuwa sai in ce haƙorana ba sa so, a yi ta yi mini dariyar tsufa. Ba haƙori ba ne. Biyun nan da Mabruka ta naɗe mini a ganye, da zafinsu, ina cikin ruwa iya cinya na cinye su kafin in kai gida.